Nawa ne?

Asabar. An kawo wuta tun asuba, na goge kayan sati har da na Ummi. Ranar ta fara da daɗi.

Bayan la'asar na leƙa gidan Yaya Binta a Ƙofar Marusa. An sallamo ɗanta Abba daga asibiti, amma idanunsa har yanzu rawaya, yana kwance an naɗe masa gwiwa da tawul mai ɗumi. Hunturu ya shigo, sikila ta tashi, kamar kowace shekara.

Don in ƙarfafa mata gwiwa na kawo zancen Casgevy, maganin sikila da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai ciwon, a gyara ƙwayar halittarsu da fasahar CRISPR yadda jiki zai koma yin irin jinin jariri, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar masa. Kafin nan sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi da kan iya hana haihuwa.

Kawu ya ajiye rediyonsa. "Ke 'yar nan, wannan ai canza halittar Allah ne." Ya jawo ayar Suratun Nisa'i.

Na ce, "Kawu, ku da kanku kuke karanta mana cewa babu cutar da Allah bai saukar da maganinta ba. Wannan a jikin mara lafiya yake tsayawa, 'ya'yansa ba sa gadon gyaran."

"To na China fa?"

Ashe ya ji labarin He Jiankui, masanin kimiyya ɗan China, wanda a 2018 ya taɓa ƙwayoyin halittar 'yan tagwaye mata tun suna tayi, aka ɗaure shi shekara 3. Nan kam ina bayan Kawu. Wanda ya taɓa tayi ya taɓa jikoki da tattaɓa kunne, babu wanda ya nemi izininsu. Kawu ya ce yau sikila, gobe mai kuɗi ya ce dogon ɗa fari yake so. Muka yi ta ja.

Duk wannan Yaya Binta tana murza ƙafar Abba, ba ta tanka ba. Can ta ce, "Nawa ne?"

Na ce dala miliyan 2.2 a Amurka.

Ta yi dariya, ta ce in miƙo mata kwalbar folic acid da ke kan firij, mu ci gaba da musunmu.

Abin ya tsaya min a rai har yanzu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila, ga magani ya samu, kuma mu abin da ya rage mana shi ne gardamar halal da haram a tsakar gida. Namu gyaran halittar shi ne takardar gwaji kafin aure, irin wadda ta raba Zainab da yaron nan, AS da AS, wato dukansu suna ɗauke da ƙwayar sikila, bayan an kai kuɗin gaisuwa.

Gobe biki a Daura. Tela ya ƙi ɗaga waya.