Yadda muka ɗaga sabobinmu daga RHEL 9.2 zuwa 9.4 daga wuri ɗaya

Kamfanin Red Hat na fitar da ƙaramin zubin RHEL (Red Hat Enterprise Linux, tsarin Linux da ke tafiyar da sabobinmu, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) kusan duk wata shida, ɗaya wajen Mayu, ɗaya wajen Nuwamba. Wasu daga cikinsu, irin 9.2 da 9.4, ana ba su ƙarin tallafin da ake kira EUS na tsawon wata 24, don masu son su zauna wuri guda suna karɓar gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai. Mu a kan 9.2 muka zauna tun bayan fitowarsa a Mayun 2023, kuma tallafin nasa ya ƙare ne a ƙarshen Mayun 2025. Tun wa'adin bai matso ba aka ɗora mini alhakin kwashe sabobinmu, ɗari da ɗoriya, zuwa 9.4.

Umarnin da ke yin aikin gajere ne. A kowace saba za a ce subscription-manager release --set=9.4, a share tsohon ajiya da dnf clean all (dnf shi ne mai girka manhajoji da sabunta su a RHEL), a yi dnf upgrade, a kashe a kunna. Da Ansible kuwa, manhajar da ke aika umarni ga sabobi da yawa daga wuri ɗaya, layi kaɗan ya isa a aika wannan ga kowa a lokaci guda. Sauƙin nan ne yake sa mutum ya ɗauka sabobinsa duk iri ɗaya ne, alhali kowace na da tarihinta da hannayen da suka taɓa ta.

Abin da na fara yi shi ne daskarar da rumbun manhajoji. A Satellite, manhajar Red Hat da ke raba wa sabobi manhajoji, na haɗa manyan rumbunan RHEL guda biyu, BaseOS da AppStream na 9.4, na buga su a matsayin zubi ɗaya mai lamba, na hana shi motsi har aikin ya ƙare. Dalilin a fili yake: idan aiki zai ɗauki makonni, kuma kowace saba tana jawo abin da ta tarar a ranar da aka zo kanta, to wadda aka yi yau da wadda za a yi jibi ba abu ɗaya za su samu ba. Gwajin da aka yi a farko ya tashi a banza ke nan. Zubin nan guda shi na tura wa sabobin gwaji, shi ne kuma ya isa ga sabobin da jama'a ke aiki da su, ba a ƙara masa ko ƙunshin manhaja ɗaya ba. EPEL, rumbun ƙarin manhajojin da ba sa cikin RHEL, ya ɗan ba mu aiki a nan, domin shi zubin da ya fi sabunta yake bi, ba ruwansa da masu zaman EUS, sai da na tace ƙunshe-ƙunshen da muke buƙata ɗaya bayan ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne binciken kafin a taɓa komai, kuma a ganina nan ne aikin yake. Na rubuta wani ɗan zagaye na Ansible wanda ba ya canza komai, tambaya kawai yake yi: sarari nawa ya rage a /boot (sashen faifai da saba ke tashi daga gare shi), me aka rubuta a dnf.conf (fayil ɗin saitunan dnf), akwai ƙunshin da aka kulle da versionlock, akwai direban da ba na Red Hat ba, yaushe rabon saba da a kashe ta a kunna. Amsoshin sun buɗe mini ido. Wasu tsofaffin sabobi an yanka musu /boot ƙarami, ga shi dnf na ajiye kanel (zuciyar tsarin Linux) uku a cikinsa a bisa al'ada, sabon ba zai samu wurin zama ba. Wasu kuma wani ya taɓa rubuta exclude=kernel* a dnf.conf ɗinsu, wato kada a sabunta kanel, wataƙila don wata matsala da tuni ta wuce. Waɗannan su suka fi ba ni tsoro, saboda ba sa ihu. Aikin zai tafi lami lafiya, allon Ansible ya nuna nasara, fayil ɗin /etc/redhat-release ya ce 9.4, amma uname -r, umarnin da ke nuna kanel ɗin da ke gudana, na nan a kan 5.14.0-284 na 9.2 maimakon 5.14.0-427. Tun daga nan na daina yarda da launin allo, na sa a riƙa tambayar kowace saba lambar kanel ɗin da take gudana a kai bayan ta tashi.

Sai kuma shawarar da na sha gardama a kanta: na nemi a kashe a kunna kowace saba tun kafin a ɗaga ta. Shugaban sashenmu ya ce, “Malam, wannan ai ninka lokacin tsayawa ne.” Na ce masa, “Gaskiya ne, oga, amma idan saba ta ƙi tashi bayan an ɗaga ta, ina so in san ko sabon zubi ne ya kayar da ita ko dama can a kwance take.” Ya amince a gwada a rukunin farko. A nan wata saba da ta fi shekara ba a kashe ta ba ta maƙale a yanayin gaggawa, domin /etc/fstab ɗinta, jerin faifan da take haɗawa idan ta tashi, na neman wani faifai da aka cire tun tuni. Da bayan ɗagawa hakan ta faru, da 9.4 aka ɗora wa laifi, da mun kwana muna tonon inda babu komai.

Ɗagawar kanta rukuni-rukuni muka yi. Na sa serial, saitin Ansible mai ƙayyade girman rukuni, ya fara da saba ɗaya, sai kaɗan, sai kaso mafi girma, na kuma sa max_fail_percentage a sifili, ta yadda saba ɗaya na faɗuwa komai zai tsaya. Kowace sai an fitar da ita daga mai raba lodi (na'urar da ke raba wa sabobi aiki), an ɗauki hoton faifanta (kwafin yadda yake a lokacin), sannan a taɓa ta. Ƙunshe-ƙunshen kuwa tun da rana na sauke su da --downloadonly, don kada a ci lokacin dare ana jiran intanet. Sabobin ma'adanar bayanai ban bar su ga na'ura kaɗai ba. Saba mataimakiya, mai riƙe da kwafin bayanan, ake fara yi, a mayar da ita shugaba, sannan a koma kan ɗayar, mutum na zaune yana kallo.

Game da komawa baya, hoton faifai na dogara da shi, ba dnf history undo ba. Umarnin na da amfani a ƙananan abubuwa, amma mayar da ginshiƙan tsarin irin su glibc da dokokin tsaro na SELinux baya ta wannan hanya ba abin da Red Hat ke tallafawa ba ne. Mun yi amfani da hoton a kan wasu sabobi da manhajar ajiyar bayanansu ta wani kamfani ta ƙi hawa sabon kanel. Muka mayar da su 9.2, muka ware su a jeri na daban har kamfanin ya fitar da direban da ya dace.

Bayan an gama na bi fayilolin .rpmnew da suka taru a /etc, wato sababbin saituna da RPM, mai girka ƙunshe-ƙunshe, ke ajiyewa a gefe idan ya tarar an gyara na asali. Na kwatanta su da namu, abin da ya dace na shigar da shi cikin Ansible. Hotunan faifai ma na goge su bayan mako guda, domin idan suka daɗe suna cin wuri suna kuma rage gudun saba. Zagayen binciken nan ban ajiye shi ba, yanzu duk mako yake gudana, yana aiko mini da sunan duk sabar da /boot ɗinta ya fara cika ko aka saka mata sabon exclude.