Daga Natchez zuwa Alcorn, a kan sawun Hiram Revels

Da sassafe na bar Baton Rouge na kama hanya mai lamba 61, na nufi arewa zuwa jihar Misisipi. Abin da ya fitar da ni shi ne son ganin inda Hiram Revels ya zauna, limamin coci wanda ya yi ɗan majalisar jiha, ya shugabanci kwaleji, kuma ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawan Amurka.

Natchez gari ne a kan tudu, kogin Misisipi na malala a ƙarƙashinsa. Masu yawon buɗe ido sun fi tururuwa zuwa katafaren gidajen attajiran auduga, amma ni sai da na fara tsayawa a Forks of the Road, inda a da ake cin kasuwar bayi. Ɗan fili ne a mahaɗar tituna, da alluna da sarƙoƙi da aka kafe a siminti. Na daɗe a tsaye. A ƙasar nan ce Abdurrahman, ɗan sarkin Futa Jalon, ya yi shekara 40 a bauta kafin a sake shi a 1828.

Shi Revels bai taɓa bauta ba. An haife shi ɗa a Fayetteville ta Karolina ta Arewa a 1827, ya zama limami a cocin AME, cocin Methodist na baƙaƙen Amurka, a 1845, kuma a 1854 aka ɗaure shi a Misuri saboda yi wa baƙaƙe wa'azi. Bayan yaƙin basasa, a 1866, ya sauka Natchez ya riƙe cocin Zion Chapel, wanda har yau ake ibada a cikinsa. Wata dattijuwa da na tarar a bakin ƙofa ta ji daga inda na fito, ta ce, "Ɗana, ka sha hanya, shigo ka gani da idonka."

Daga mumbarin nan aka zaɓe shi majalisar dattawan jiha a 1869. Da aka buɗe zama a Janairun 1870, shi aka sa ya yi addu'a, kuma John Lynch, ɗan siyasar Natchez na lokacin, ya rubuta cewa addu'ar nan ce ta kai shi Washington. A can ma sai da aka yi ta ja-in-ja, wai baƙar fata bai cika shekara tara da ake buƙata da zama ɗan ƙasa ba. Ranar 25 ga Fabrairu, 1870 aka rantsar da shi da ƙuri'a 48 a kan 8. Shekara guda ya yi a kujerar.

Da hantsi na ci gaba zuwa Lorman, na saki babbar hanya na shiga daji. Jami'ar Alcorn a ɓoye take, sai ka fara zaton ka ɓata sannan ka hango ƙofarta. Asalinta Kwalejin Oakland ce ta fararen fata. Jiha ta saye ta a 1871 don 'ya'yan 'yantattun bayi, aka ba Revels shugabanci. Tsohon ɗakin ibadar Oakland na nan da jan bulo, matakalarsa ta ƙarfe kuwa daga Windsor, wani katafaren gidan attajirin auduga, aka kawo ta bayan gidan ya ƙone a 1890. Na zauna a kanta ina kallon ɗalibai suna wucewa da jakunkuna. A ganina nan ne aikinsa na gaske yake. Ƙudurorin da ya kare a Washington ba su yi nisa ba, amma makarantar nan ce ta yaye Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, a 1952.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kafin in zo, zuwan kuma bai kawar da shi ba. A 1874 ya saɓa da Gwamna Adelbert Ames ya rasa shugabancin Alcorn. A 1875, shekarar da aka yi wa baƙaƙe kisan gilla a garin Clinton na Misisipi don a hana su zaɓe, ya rubuta wa Shugaba Grant wasiƙa yana ɗora laifin lalacewar jihar a kan 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan. Da 'yan Dimokurat suka karɓi mulki, suka mayar da shi Alcorn a 1876. Na yarda ya so ya tsare makarantar, kuma ta tsaru. Amma wasiƙar ta zama makami a hannun mutanen da a 1890 suka rubuta tsarin mulkin da ya raba yawancin baƙaƙen Misisipi da ƙuri'a, yana raye yana gani. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ya ajiye shugabancin a 1882, ya koma Holly Springs yana koyar da ilimin addini da wa'azi. A Aberdeen ya rasu ranar 16 ga Janairu, 1901, yana halartar taron coci. Holly Springs na can arewa kusa da iyakar Tenesi, don haka na kwana a Port Gibson, da asuba na kama hanyar Jackson.