Haidarabad, Alhamis 20 ga Maris: Wanda Ya Fara Roƙon Ruwa

Zafi ya fara kankama a garin nan. Musulmi suna dab da shiga goman ƙarshe na azumi, mu kuma muna tsakiyar kwana arba'in na kafin Ista, saboda haka ɗakin cin abinci na Cibiyar Henry Martyn ya zama wayam da safe. Cibiyar tsohuwa ce, a Lahore aka kafa ta a 1930 don Kiristoci su san Musulunci daga littattafan Musulmi, daga baya ta dawo Haidarabad ta ƙasar Indiya. Abin da ya kawo ni daga Wusasa ke nan. Sai dai darasin yau da safe a kan fassarar Littafi Mai Tsarki ne, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta bar ajin ba.

Malaminmu ya sa aka karanta Yohanna sura 4, labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiyar Yakubu. Da aka gama sai ya tambaye mu ko mun san abin da ya faru a rana irin ta yau a 1927. 'Yan Indiyan ajin duk sun sani. A garin Mahad, can jihar Maharashtra ta yanzu, Dakta Ambedkar ya jagoranci dubban 'yan Dalit, mutanen da tsarin matsayi na gado ya mayar abin ƙyamar taɓawa, suka gangara tafkin Chavdar suka kamfaci ruwa suka sha. Tun 1923 majalisar dokokin Bombay ta amince a buɗe musu wuraren ruwa na jama'a, amma ba wanda ya isa ya kusanci tafkin. Dabba tana sha, su ba dama. Bayan sun sha aka far musu da sanduna, sannan masu ganin kansu tsarkakku suka zuba fitsarin saniya da kashinta da madara a tafkin, wai don a wanke shi daga ƙazantar bakinsu. Sai a 1937 babbar kotun Bombay ta tabbatar musu da haƙƙinsu.

Malam ya ce mu sake karanta surar da wannan a zuciya.

Tun ina 'yar Sande Sukul nake jin wa'azi a kan matar nan, kuma kusan kullum a kan mazanta biyar ake tsayawa. A taron zumuntar mata ma haka. Ita ce misalin mace mai zunubi da Yesu ya tona wa asiri cikin ƙauna. Yau wani fasto ɗan ajinmu, mutumin gaɓar tekun Andhra, ɗan ƙabilar Madiga ta cikin 'yan Dalit, ya tsayar da mu a aya ta 7 ya hana mu wucewa. Ya ce kafin a zo zancen ruwan rai, kafin zancen miji, akwai Bayahude da ya gaji, rana ta take, ba shi da guga, yana roƙon ruwa daga hannun macen da mutanensa ba sa haɗa ƙwarya da irinta. Matar da kanta ta faɗa a aya ta 11: ba ka da abin ɗiba, ga rijiyar da zurfi. To da me zai sha? Da abin ɗibanta. Faston ya ce a ƙauyensu ba a buƙatar littafin sharhi kafin a gane nauyin wannan, domin kakarsa har ta rasu tafin hannu take haɗawa a zubo mata ruwa daga sama, kada bakinta ya taɓa moɗar mai gona.

Daga nan ya kawo labarin ƙauyen Karamchedu na Andhra. A watan Yulin 1985 rigima ta tashi a ƙauyen a kan tafkin da 'yan Madiga suke ɗiban ruwan sha, bayan wani daga cikin masu gonaki ya wanke baunarsa ruwan dauɗar ya koma ciki. Washegari aka afka wa unguwarsu aka kashe mutum 6. Waɗanda suka tsira suka gudu garin Chirala, harabar coci ce ta karɓe su. Shekara 35 ke nan a lokacin da tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar taɓawa a sashe na 17. Bai ɗaga murya ba da yake faɗa. Ni ce na kasa ɗaga kai.

Wani ya ce ai nassin bai faɗa cewa Yesu ya sha ruwan ba. Gaskiya ne, na duba, bai faɗa ba. Faston ya ce, to a sauka aya ta 40: ya kwana biyu a garinsu. Tuwon wa ya ci? A randar wa ya sha?

Wannan hanyar karatu tana da tarihi, kuma malam ya bi mana shi a taƙaice. Masu ilimin tauhidi na Indiya na farko sun fi zama da manyan littattafan Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu. Brahmabandhab Upadhyay, wanda ya rasu a 1907, da falsafar Vedanta ta addinin Hindu ya yi ƙoƙarin bayyana Triniti. Aiki ne mai zurfi, ba na raina shi. Amma a 1981, a Kwalejin Tauhidi ta United da ke Bangalore, Arvind Nirmal ya tashi ya ce wannan tauhidin na 'yan sama ne, alhali kaso mai yawa na masu cika majami'u a ƙasar 'yan Dalit ne, kuma littattafan da ake ta girmamawa su ne aka hana kakanninsu ko saurara. Tambayarsa ita ce: idan an ce tattaunawa da addinin Hindu, da wa ake zama? Da mai tafkin, ko da wanda aka kora daga bakinsa? Har yau dokar shugaban ƙasa ta 1950 ba ta ba Kirista ko Musulmi ɗan Dalit guraben karatu da aiki da aka keɓe wa 'yan Dalit ba, ko da yake an shigar da 'yan Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990. Mutum ya yi baftisma ya rasa tallafin gwamnati, ƙyamar kuwa tana biye da shi, wani lokaci har cikin makabartar coci.

Gardama ta tashi ne da malam ya raba mana wani labari daga littattafan mabiya Buddha. Ananda, almajirin Buddha, ya iske wata yarinya 'yar ƙasƙantaccen gida mai suna Prakriti a bakin rijiya ya roƙe ta ruwa. Ta ce masa ita ba wadda za a sha daga hannunta ba ce. Ya ce ba asalinta ya tambaya ba, ruwa ya tambaya. Malam ya ce mu ajiye shi gefe da gefe da Yohanna 4, irin karatun da Archie Lee na Hong Kong ya yi ta kira a yi, bisa hujjar cewa Kiristan Asiya da nassi biyu yake tashi, na Littafi Mai Tsarki da na kakanninsa. Wata 'yar Baptis daga Nagaland ta ƙi. Ta ce da zarar an jera su a tebur ɗaya an riga an ce darajarsu ɗaya, gobe kuma sai a ce duk rijiyoyi ruwa ɗaya suke kaiwa.

Na fahimci tsoronta, kuma rabinsa nawa ne. Ban yarda duk addinai abu ɗaya suke faɗa ba, kuma Musulmin da na tashi da su a Zariya ma ba za su yarda ba. Raini ne a ce musu abin da suka riƙe da abin da na riƙe duk ɗaya ne. Amma jera labaran biyu bai shafe mini bambanci ba, fito da shi ya yi. A surar Yohanna, bayan roƙon ruwa matar ta ja Yesu cikin gardamar da ta fi kowace zafi tsakanin mutanensu, wato inda ya kamata a yi sujada, dutsen Gerizim ko Urushalima. Bai kauce ba. Ya ce mata ceto daga Yahudawa yake, ya ce lokaci na zuwa da ba a dutsen nan ba ba a Urushalima ba, ya kuma faɗa mata ƙarara ko shi wane ne. Tattaunawar tauhidi mafi tsawo da Yesu ya yi da mutum ɗaya a Bisharar nan, da mace ya yi ta, 'yar wani addini, kuma ita ta kawo tambayoyin. Abin da na ce a aji shi ne mu lura da jerin abubuwan. Ya fara da buƙatarsa, ya sa kansa a hannunta, sannan ya faɗi gaskiyarsa ba ragi. Mu a taron tattaunawar addinai mun saba zuwa a matsayin masu bayarwa, da makaranta da asibiti da takardar jawabi a hannu. Waɗansu kuma don kada a ɓata wa kowa sai su haɗiye abin da suka gaskata. Yesu bai yi ko ɗaya ba. 'Yar Nagaland ɗin ba ta gamsu sarai ba, ta ce za ta rubuta amsarta. Ina jira da gaske, domin tana da kaifin tunani.

La'asar sakaliya muka shiga mota zuwa tsohon gari, an gayyaci ajinmu buɗa baki. A hanya na ga an fara kafa rumfunan da ake kira chalivendram, manyan tukwanen ƙasa a jere an lulluɓe su da jan ƙyalle, duk mai wucewa ya sha kyauta, kamar randar da tsofaffinmu suke ajiyewa a ƙofar gida don matafiya. Kusa da Charminar, ginin tarihi mai hasumiya huɗu wanda Sarki Muhammad Quli Qutb Shah ya gina a 1591, ba masaka tsinke. Masu haleem, wani faten alkama da nama, suna ta tuƙa manyan tukwane, harabar Masallacin Makka ta cika da masu jiran kiran salla. A masallacin nan ne bam ya tashi ranar wata Juma'a a watan Mayun 2007, shi ya sa har yanzu sai an bi ta na'urar bincike.

Mai masaukinmu wani dattijon malami ne da ke koyar da Larabci a wata makaranta a unguwar. Mu mata aka shigar da mu wajen iyalinsa, uwargidan ta miƙo mini dabino da ruwan sanyi a kofin ƙarfe, da na sha ta karɓa ta cika ta sha a kofin. Bayan Magariba ya zauna da mu duka a zaure. Da aka ba ni dama na ce, “Maulana, a gafarce ni, ina da tambaya mai nauyi.” Ya ce, “Faɗi, 'yata.” Na kawo zancen Asia Bibi ta Pakistan, wadda shari'arta ta samo asali daga faɗa a kan ruwan sha a gona a 2009, aka yanke mata hukuncin kisa a 2010, sai a watan Oktoban 2018 kotun ƙoli ta sallame ta, bayan an kashe gwamna Salman Taseer da minista Shahbaz Bhatti a 2011 saboda sun tsaya mata. Na ce ina so in sani, ƙin shan ruwa a kofin Kirista daga addini yake?

Bai ji haushi ba, kuma bai yi saurin amsawa ba. Ya ce a Bukhari da Muslim akwai hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Annabi da sahabbansa suka ƙare da ruwa a tafiya, suka sha daga salkunan wata mace mushrika, aka kuma tara mata abinci aka ba ta. Ya ce Bukhari ya ambaci cewa Umar ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya. Sannan ya faɗi abin da ban zaci zan ji daga bakinsa ba. Ya ce Kiristocin Punjab da yawa jikokin masu shara ne da ake ƙyama tun kafin su karɓi Kiristanci, ƙyamar kofin daga can ta taso, kuma su Musulmin yankin nan ma ba su tsira daga cutar ba, domin a cikinsu akwai masu kiran kansu ashraf, wato masu asali, suna raina masaƙa da mahauta da masu wanki. Faston Madiga yana gefena, na ga ya gyara zama. Nan take suka koma Telugu, harshen yankin, su biyu, suka bar mu da kallo na ɗan lokaci.

Da suka dawo, dattijon ya karanta mana ayoyin Suratul Ƙasas inda Annabi Musa ya isa ruwan Madyana ya shayar wa mata biyu dabbobinsu, ya koma inuwa ya ce wa Ubangijinsa shi mabuƙaci ne ga duk alherin da zai saukar masa. Mu ma muna da labarin a Fitowa sura 2, sai dai 'yan matan bakwai ne a namu, kuma ba mu da addu'ar. Ba wanda ya yi ƙoƙarin daidaita lissafin. Ya nemi a karanta masa Yohanna 4 da Urdu, ya saurara har ƙarshe, ya ce aya ta 24, cewa Allah Ruhu ne, da ta 26 ba zai iya karɓarsu yadda muke karɓa ba, kuma yana so mu dawo bayan Salla mu zauna a kansu da kyau. Malaminmu ya amsa, ya ɗora mini shirya bayanin aya ta 26.

Mama ta kira muna hanyar dawowa. Na ba ta labarin tafkin Mahad, ta yi salati ta ce, “Ruwa? Ruwan sha ake hana ɗan Adam?” Ta ce in gaida faston, in ce masa zumuntar mata za su sa ƙauyensu a addu'a ran Talata.

Na isar da saƙon. Ya ce mahaifiyarsa za ta so ta ga 'yar Najeriya, in zo mu yi Ista a ikilisiyarsu kusa da Chirala, da Telugu za a yi sujadar amma matarsa za ta riƙa fassara mini. Na ce zan zo. Gobe da safe zan nemi izini a ofis, in kuma je a yanka mini tikitin jirgin ƙasa daga Secunderabad tun kujeru ba su ƙare ba.