Godiya daga wanda ya taɓa zama a bencin baya

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi.

Tun ranar Lahadi da aka tashi daga sujadar keɓe ni ga aikin bishara wayata ba ta huta ba, har yanzu akwai saƙonnin da ban buɗe ba. Wanda bai ji daga gare ni ba ya gafarce ni, ba raini ba ne. Na ga gara in zauna in rubuta godiya guda, in kuma faɗi abin da na kasa faɗa da aka ce in yi jawabi. Waɗanda ke wurin sun ga yadda na tsaya bakina ya ƙi buɗuwa. Wasu sun ɗauka i'inar da aka san ni da ita ce. Ba ita kaɗai ba ce. Daga inda nake tsaye, idona ya faɗa kan bencin baya, wanda ke kusa da ƙofa.

Wata tara na yi a kan bencin nan ina ƙarƙashin horo. Yaran yanzu ba su sani ba, amma manya sun sani, ba kuwa zan ɓoye ba don ana taya ni murna. Ni ne ma'ajin zumuntar matasa a lokacin. Kuɗin da muka tara don sayen kayan kiɗa na taɓa, na sari yadi na zuba a shagona na ɗinki da niyyar in mayar bayan Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce, ban mayar ba. Aka karanta sunana a gaban ikilisiya, aka dakatar da ni daga cin Jibin Ubangiji, aka karɓe littafin lissafi daga hannuna. Dattawa ba su zalunce ni ba ko kaɗan. Na biya kuɗin da kaɗan-kaɗan, aka maido ni cikin zumunci, kowa ya ci gaba da harkarsa. Ni dai a zuciyata ban taɓa tashi daga bencin ba.

A cikin wannan hali kiran ya same ni. Ban yi mafarki ba, ban ji murya daga sama ba. Mukan fita wa'azi ƙauyuka da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai a ƙarshen mako, aikina ɗaukar ganga da fitila, magana kuwa ta masu baki ce. A wani ƙauye da ke bayan Malumfashi, muna ɗaure kaya za mu tafi, wata tsohuwa ta riƙe gefen rigata ta ce, "Ɗan nan, kun zo kun yi mana waƙa kun tafi. In na mutu wa zai yi mini addu'a a bakin kabari?" Ban ba ta amsa ba. Tambayar ta biyo ni Funtua, ta zauna tare da ni a kan keken ɗinki shekara goma sha ɗaya.

Kada wani ya ce ban san Littafi Mai Tsarki ba ne. Na san Musa ya ce harshensa na da nauyi, na san ma ya kashe Bamasare ya turbuɗe shi cikin yashi kafin Allah ya kira shi daga kurmi mai cin wuta. Na san Irmiya ya ce shi yaro ne, Gidiyon ya ce gidansu ne mafi ƙanƙanta a kabilar Manassa. Na san Bitrus ya faɗi a gaban Yesu a bakin tafki yana cewa ya rabu da shi don shi mai zunubi ne, daga baya ya yi musun sanin sa sau uku, amma aka damƙa masa kiwon tumaki. Duk na sha karanta su. Sai in rufe littafin in ce wa kaina, ai waɗannan ba su ci kuɗin ikilisiya ba.

Ga kuma tsoro, shi ma ba zan sa masa wani suna ba. A watan Janairun 2020 na zauna a shago da dare na kalli bidiyon Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, yana hannun Boko Haram yana magana cikin natsuwa, yana miƙa al'amarinsa ga Allah. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Takardar neman shiga makarantar tauhidi na cikin aljihun teburina a lokacin, na ɗauke ta na cusa ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Mu da ke wannan yanki ba labari ake ba mu ba. Mun ga mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume suna shigowa gari da tabarmi a ka, Musulmi da Kirista, 'yan bindiga sun tashe su. Ina da mata da 'ya'ya uku. 'Yan'uwan da suka ce mini in zauna in riƙe sana'ata ba marasa bangaskiya ba ne, ƙauna ce ta sa su faɗa, har yau ina girmama su. Ba na jin daɗin wa'azin da ke mai da tsoro abin kunya, don ya sa irinmu da yawa sun yi shiru suna ruɓewa a ciki.

Wanda Allah ya yi amfani da shi ya tashe ni shi ne dattijon da ya karanta sunana a gaban jama'a. Ya zo shago wata Talata da babbar riga wai in gyara masa aljihu, ya zauna a kan kujerar masu jira, ya ƙi tafiya. Da yaran shago suka fita cin abinci ya ce, "Ɗana, har yaushe?" Na gane abin da yake nufi. Na ce, "Baba, kai fa ka karanta sunana." Ya ce, "Ni na karanta. Ni kuma na sake karantawa ranar da aka maido ka. Don me ka riƙe karatun farko ka yar da na biyu?" Na yi shiru. Ya ce, "Jinin Yesu ya isa ya wanke kowa sai kai kaɗai ya gagara? Wannan ba tawali'u ba ne, girman kai ne ya ari rigar tawali'u." Na kifa kai a kan keke na yi kukan da ban yi ba ko a ranar horo. Da hannunsa ya sa wa takardar shaidata hannu. Bai ga ranar Lahadi ba, Ubangiji ya kira shi gida ina shekara ta biyu a makaranta. Mama, matarsa, na gan ki a layin gaba. Na gode, na gode.

Malamaina na makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro, Allah ya saka muku. A ajin tarihin ikilisiya na ji yadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893, cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Abin da ya fi kama ni shi ne Bingham: sau biyu ciwo yana mai da shi gida hannu wofi, sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Mutumin da ya koma gida sau biyu da kunya, ta wurinsa aka fara aikin da ya haifi ikilisiyar da ta ɗora mini hannu. Ina kuma gode wa malamin wa'azi da ya lura i'ina ba ta kama ni in ina waƙa. Shi ya ce in riƙa fara wa'azi da baiti guda har numfashina ya daidaita. I'inar tana nan, Allah bai ɗauke ta ba, amma ta daina rufe mini baki.

Maiɗakina, Maman yara, ke kika riƙe shago da almajiran ɗinki shekara uku, kika ƙara da soya ƙosai da safe don kuɗin makarantar yara kada ya tsaya. Ranar da na ce miki ina jin tsoro, ba ki yi mini wa'azi ba, kin ce, "Ni ma ina ji, mu tafi da shi." Ba ni da abin biyan ki.

Zumuntar Mata, na ga buhunan masara da kuka tara, na ji tukwanen kiɗanku suna tashi har ƙasa na amsawa. Fastonmu da dattawa da shugabannin gunduma da na EMS, sashen aikin bishara na ECWA, na gode da amanar da kuka ba ni. Alhaji maƙwabcina a layin teloli, wanda ya riƙa leƙa shagona ba na nan, ya kuma tako har ƙofar majami'a ya yi mini fatan alheri, Allah ya bar zumunci. Inna, kin ce tun ina ciki kika ba da ni ga Allah, ba ki taɓa gaya mini ba sai ranar Lahadi.

Zumuntar matasa kuma, ku na bari a ƙarshe don ban san ta inda zan fara ba. Ƙungiyar da na ci kuɗinta ita ce ta tara kuɗi ta saya mini babur na zuwa ƙauyuka. Da shugabanku ya miƙo mini makulli hannuna rawa yake yi.

Ranar Alhamis mai zuwa za mu tashi. Ba zan rubuta sunan ƙauyen a nan ba, kun san dalili. Iyalai bakwai ne ke taruwa a gindin bishiya, babu ɗakin sujada tukuna, ruwa kuma sai an yi tafiya. Ku yi mana addu'a saboda hanya, saboda yara da za su canja makaranta, saboda ni kuma, don tsoron yakan dawo da dare. Keken ɗinkina zai bi mu a mota ɗaya da kayan ɗaki.