Juma'a, 6 ga Satumba 2024: yau Weaver ya rufe wasa

Tun da asuba na fitar da mota don in samu in tashi aiki da wuri, saboda wasan besbol na ƙungiyarmu Yankees da Cubs na yau na rana ne. Cubs a filinsu na Wrigley sun saba buga wasan Juma'a da rana, ƙarfe ɗaya da minti ashirin agogon Shikago, mu a nan Bronks biyu da minti ashirin. Duk tashar wasanni da na murɗa a rediyo magana ɗaya ake yi: idan Yankees suna gaba aka shiga zagaye na tara, wa kocinsu Aaron Boone zai miƙa wa ƙwallo? Masu bugo waya kowa da nasa ɗan takarar, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa ban da Clay Holmes, mai rufe mana wasa. Wani har cewa ya yi a sallame shi yau yau. Na rage murya saboda fasinja, raina kuma bai yi daɗi ba.

'Yan uwa na gida da ke karanta wannan kundi kuna yawan tambayata me ya haɗa ni da besbol, to ga abin da ake ta hayaniya a kai. Wasan zagaye tara ne. Idan kuna gaba da maki uku ko ƙasa da haka aka zo zagayen ƙarshe, akwai mai jifa guda da aka ware, shi ake kira ya fitar da mutum uku a tashi. Sau da yawa jifansa bai wuce ashirin ba. Kamar gola ne a bugun fanareti, wahalar da mutum tara suka sha tun farkon wasa duk tana iya zubewa a hannunsa cikin minti biyar. Holmes ke riƙe da wannan aiki tun 2022, lokacin da Aroldis Chapman ya ji ciwo.

Daren Talata a Teksas shi ya ƙure haƙurin kowa. Carlos Rodón, wanda ya fara mana jifa, ya yi jifan da ya daɗe bai yi irinsa ba, ya fitar da mutum 11 da jifa, muka shiga zagaye na tara muna 4 da 3. Holmes ya fito ƙwallo ta ƙi bin hannunsa. Ya ba mutum biyu tafiyar kyauta, tashoshi ukun da ake bi kafin a ci maki suka cika, sai Wyatt Langford, yaron da bana ya fara buga babban gasa, ya ɗaga ta bayan katanga. 7 da 4, wasa ya tashi. Karo na 11 ke nan a bana da nasara ta kuɓuce a hannun Holmes, kuma ba wanda ya kai shi a duk gasar. Washegari Boone ya ce daga yanzu za su riƙa duba wanda ya dace gwargwadon yadda wasa ya kasance. Bai ambaci sunan magaji ba. Ranar ma an sake cin mu.

Wannan ƙungiya ce da a tsakiyar Yuni ta ci wasa 50 an ci ta 22 kacal. Tun daga nan tafiyar ta zama yau a ci gobe a sha kashi. Nationals sun fi mu a jerin wasanninmu da su, Cardinals sun zo har gida sun fi mu, ga Rangers kuma. Duk cikinsu ba wanda ke kan gaba a rukuninsa. Orioles na Baltimo sun sha gabanmu da ɗan taku, saura wasa ashirin da 'yan kai a rufe kaka.

Bayan an idar da Juma'a na tsaya gaisawa da Alhajinmu na Kumasi a bakin masallaci. Ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, shi ya fara kai ni filin da ke titi na 161, muka hau can sama inda tikiti ke da sauƙi, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana wucewa ta baya. Da idonsa ya ga zamanin Mariano Rivera, shahararren mai rufe wasa na Yankees, tun daga farkonsa, kuma duk mai rufe wasa da ya zo bayan 2013 da wannan mudun yake auna shi.

"Malam, Rivera sau 652 ya tsare nasara, da jifa iri ɗaya," in ji shi, yana kaɗa carbi a hannu. "Kowa ya san abin da zai jefo, amma gorar bugun ƙwallo ce ke karyewa. Yau an kawo mana wanda in ya fito sai ka kama salati."

Na ce, "Alhaji, ai irin Rivera ba a samun biyu. Kuma a duba wasan Baltimo na ranar 14 ga Yuli. Holmes ya sa an bugo ƙwallo a ƙasa, wadda da ɗan wasanmu Volpe ya kama an tashi, ta kuɓuce masa. Ta gaba Verdugo ya yi gaba ƙwallo ta yi baya, ya faɗi. A takarda sunan wa aka rubuta?"

Ya ce, "To na Boston fa? Saura jifa ɗaya a tashi, Yoshida ya aika ta waje. Shi ma Volpe ne?"

Ban da amsa a kan wannan, gaskiyarsa ce. Muka yi sallama, ya ce in gaida iyali.

Farkon wasan a mota na ji. Anthony Rizzo ya koma Wrigley karon farko tun da aka sayar da shi gare mu a 2021, kuma ta rediyo ma kana jin yadda mutanen Shikago suka miƙe suna masa tafi. Shi ne ya kama ƙwallon ƙarshe a 2016 da suka ci kofin da suka shekara 108 suna nema, ba za su manta da shi ba. Luis Gil ya dawo daga jinyar baya, ya yi zagaye shida ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Muka samu maki uku, muka riƙe su.

Na isa gida na tarar da babban ɗana ya dawo daga makaranta, jiya suka koma, ko jakarsa bai cire daga kafaɗa ba yana tsaye gaban talabijin. Uwarsa ta ajiye mana shinkafa da wake, ba wanda ya taɓa. Da aka gama zagaye na takwas kamara ta nuna wurin da masu jifa ke ɗumama hannu. Ya ce, "Baba, Weaver ne!"

Luke Weaver siriri ne, in ka gan shi kusa da Holmes mai tsawo da faɗin kafaɗa ba za ka ce aiki ɗaya suke yi ba. Shekarunsa 31. Cardinals suka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen 2014, suka ba Arizona shi a cinikin Paul Goldschmidt, daga nan ya yi ta yawo. A bara kaɗai ya sa rigar Reds, ya sa ta Mariners, duka suka sake shi, Yankees suka tsince shi a Satumba. Bana dala miliyan 2 ake biyan sa, kuɗin da a wannan ƙungiya ba a ma lissafa shi. Bai taɓa tsare nasara ko sau ɗaya ba tun da ya fara babban gasa a 2016. Na lura da fuskarsa da ya hau tudun jifa, ya ja numfashi, ya gyara hula, idonsa a kan hannun mai kama masa. Yana jefa mai gudu ta sama daidai ƙirji, sai ya biyo da mai laushi wadda ke faɗuwa a gaban mutum. Ya fitar da ukunsa. 3 da 0. Duk wasan sau ɗaya Cubs suka buga ƙwallon da ta kai su tasha. Ɗana ya yi tsalle har jakar ta faɗi, littattafai suka watse a ƙasa.

Ra'ayina shi ne canjin nan daidai ne, kuma ya makara da wata guda ko fiye. Makamin Holmes ƙwallo ce mai nutsewa, wadda ke sa a buga ta a ƙasa. Irin wannan jifa yana dogara da mutanen da ke bayanka, kuma ƙwallon da ta taɓa gora tana iya bi ta kowace kafa. A zagaye na tara, da maki ɗaya tsakani, kana bukatar wanda zai sa gora ta sari iska. Weaver ya yi ta nuna haka tun bazara a zagaye na bakwai da na takwas, kowa yana gani. Babban manajan ƙungiya Brian Cashman ya samu dama kafin a rufe kasuwa ranar 30 ga Yuli, ya kawo Mark Leiter Jr. da Enyel De Los Santos, Tanner Scott kuma, gwanin rufe wasa, ya tafi San Diyego. Ranar 18 ga Agusta a Williamsport, gaban yara 'yan ƙaramin gasa, Tigers suka ƙwace wasa a hannun Holmes karo na 10, Boone ya sake tura shi. Duk wanda ke kallo ya ga mutumin ya daina yarda da jifansa. Ci gaba da tura shi cikin wannan hali cutar da shi ne, kuma alhakin yana wuyan waɗanda suka tura shi.

Abin da ya sa zagin da ake masa ke ci mini rai ke nan. Mutumin nan ya buɗe kakar bana da wasa 20 ba a ci shi maki na laifinsa ba, sau biyu ana zaɓensa cikin taurarin gasa, kuma duk daren da abin ya ɓaci yana tsayawa gaban 'yan jarida ya amsa tambaya. Ƙarshen kakar nan kwantiraginsa ke ƙarewa, kowane mugun dare yana rage masa daraja a kasuwa. Gwanin bugu Juan Soto ma shekara ɗaya muka samu da shi, rabon ƙungiyar da kofi tun 2009, shi ya sa kowa zuciyarsa ke kusa.

Bayan la'asar muna cin abincin da ya huce ɗana ya tambaye ni ko shi ke nan an gama da Holmes. Na ce masa a'a, in Allah ya kai mu Oktoba za mu bukace shi. A kira shi a zagaye na shida ko na bakwai, mutum yana tasha ta farko, ana neman ƙwallon ƙasa da za ta fitar da biyu a lokaci guda, nan ne jifansa ya fi amfani. Gobe Clarke Schmidt zai dawo daga jinya ya fara wasa. In muka shiga na tara muna gaba, ina so in ga Boone ya sake kiran Weaver, kuma ya faɗa da bakinsa cewa aikin nasa ne.