Wai labaran tsoffi duk ƙarya ne?

Ka tambayi dattijon Bagobiri asalinsu, zai ce maka kakanninsu sun zauna Azbin, can hamadar arewacin Nijar, kafin su gangaro kudu, har daga baya suka yi Alkalawa. Mu ƴan boko sai mu taɓe baki, wai wa zai zauna cikin wanga rairayi da duwatsu? To amma fa hamadar ba haka Allah ya bar ta tun fil azal ba, shekaru kamar dubu 10 zuwa dubu 5 baya akwai tafkuna da ciyawa a Sahara. A Gobero can cikin Nijar, a 2000 masu bincike suka tarar da kaburburan mutane tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, wurin da yau ko raƙumi sai ya yi da gaske. A Dabous kuma, can dai cikin Nijar, ga hoton raƙumin dawa nan an sassaƙa jikin dutse, kuma ai mutum ba ya zana dabbar da bai taɓa gani ba.

Kar a ce na ce Gobirawa ne mutanen Gobero, tasowarsu daga Azbin ta baya-bayan nan ce ƙwarai. Abin da nake nufi, gangarowar mutane daga arewa tsohuwar hanya ce, kuma bakin tsoffi ya riƙe wani abu daga ciki duk da gishirin da aka yi ta ƙarawa.

Ko Bayajidda ma, ni ban ɗauka dole sai an yi wani maciji mai hana ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a ba, amma wasu masana tarihi na ganin labarin na nuna lokacin da mulkin Daura ya tashi daga hannun mata ya koma na maza, kuma wallahi wannan ya fi kwanta min a rai.

Abin haushi kowa so yake a ce daga Bagadaza ko Misira ya fito. A 1987 wani Bafulatani na haƙa rijiya a Dufuna, jahar Yobe, ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekara 8,000, ba wanda ya shigo mana da shi daga gabas. Ga Surame nan wajen Binji, birnin Kanta Sarkin Kabi, ganuwar dutse na tsaye har yanzu, amma ɗaliban da ke karatun tarihi a cikin garin Sakkwato nawa ne aka taɓa ɗauka a mota aka kai su?