Ɗan baƙon tsuntsun bakin Kwara ya shiga hannu

'Yan'uwa masu kallon tsuntsaye, alhamdu lillahi, yau na warware matsalar gane ɗan tsuntsun nan da ya hana ni sakat tun shigowar sanyi a bakin Kwara, nan Yauri. Wanda ake kira Actitis hypoleucos a kimiyyance ne, ba ko tantama.

Su uku ne ke kiwo a gaɓa ɗaya, shi da wasu masu kama da shi guda biyu, Tringa glareola da Tringa ochropus. Duk baƙi ne da ke hayayyafa a Turai da Asiya, duk bayansu ruwan ƙasa, cikinsu fari. Kowa ka tambaya sai ya ce ka dubi launin ƙafa. Wace ƙafa? Tsuntsun da ya wuni cikin laka, ga hazo ya rufe gari, ga madubin hangen nesa na gwanjo? Kaɗa gindin da yake yi ma bai raba gardama ba, don sauran biyun su ma suna taɓawa, sai dai shi ko minti ɗaya ba ya hutawa.

Kafaɗa ce ta raba gardamar. Da ya juyo gefe a kan wani dutse, sai na ga farin cikinsa ya kutsa sama tsakanin ƙirji da fiffike, kamar bakin wuƙa. Sauran ba su da wannan. Wutsiyarsa kuma ta zarce ƙarshen fukafukai sosai, ga gajerun ƙafafu. Tsawonsa duka bai fi santimita 20 ba.

Ina cikin murna wani yaro ya turo kwalekwale, tsuntsun ya tashi. Dab da ruwa ya bi, fukafukai a sanƙare sun lanƙwaso ƙasa, ya ɗan karkaɗa su ya saki, ya sake. Farin layi ya ratsa fiffiken, saman wutsiya kuwa babu fari. Da ochropus ne, da na ga fari fat a nan, da baƙin ƙarƙashin fiffike, kuma da ya yi sama yana ƙara.

Kuɗin kabu-kabu kam ya ci ni, kusan dubu uku zuwa da dawowa tun da mai ya yi tsada. Wallahi ban yi da-na-sani ba.

Niyyata a da in bi tsuntsayen uku in tantance su ɗaya bayan ɗaya, amma glareola ya riga ya shigo lissafi, ga ɗige-ɗigen bayansa da farar girar da ta wuce ido. A gonakin shinkafa ya fi zama. Suna nan har wajen Afrilu, don haka wanda ke kusa da fadamar Argungu ya leƙa mana da sassafe, kafin masunta su cika bakin ruwa.